Borussia Neunkirchen: tambayoyi da amsoshi kan ƙungiyar da Okocha ya fara taka leda a Jamus

Duk wanda ya bi tarihin Jay-Jay Okocha zai ci karo da wani suna mai wuyar furtawa tsakanin Enugu Rangers da Eintracht Frankfurt, kuma yawanci tsallake shi ake yi. Sunan shi ne Borussia Neunkirchen, ƙungiyar wani ƙaramin gari da ta yi kaka uku a Bundesliga, ta taɓa tare wa Bayern Munich hanya, sannan ta gangara har rukuni na shida. Ga amsoshin tambayoyin da masu bin ƙwallon Jamus kan yi a kanta.

Ina ne Neunkirchen, kuma yaushe aka kafa ƙungiyar?

Garin yana jihar Saarland, kudu maso yammacin Jamus, dab da iyakar Faransa. Tsakaninsa da Saarbrücken, babban birnin jihar, kimanin kilomita 20 ne. Shi ne gari na biyu a girma a jihar, amma mutanensa ba su kai 50,000 ba. Da kwal da ƙarfe aka san shi. Iyalan Stumm ne suka mallaki masana'antar narka ƙarfe da ke tsakiyar garin, kuma kusan kowane gida yana da wanda ke cin abinci a can ko a ramukan haƙar kwal. A nan aka haifi Erich Honecker a 1912, wanda ya zo ya mulki Jamus ta Gabas.

An kafa ƙungiyar a 1905. Baƙi da fari ne launinta. Tun 1912 take wasa a filin Ellenfeld, kuma a 1921 ta ɗauki kofin Kudancin Jamus, wanda shi ne babban kofinta na farko.

Tana da dangantaka da Borussia Dortmund ko Mönchengladbach?

Babu. Borussia sunan tsohuwar daular Prussia ne da Latin, kuma ƙungiyoyi da dama da aka kafa a yankunan daular sun ɗauke shi. Suna ne ya zo ɗaya.

An ce akwai lokacin da ba a ƙarƙashin Jamus take wasa ba. Yaya aka yi haka?

Saarland ƙasa ce da aka daɗe ana ja-in-ja a kanta saboda kwal ɗinta. Bayan yaƙin duniya na farko an raba ta da Jamus daga 1920 zuwa 1935. Bayan yaƙi na biyu kuma Faransa ta sake riƙe ta, ta ba ta gwamnati tata, tutarta daban, kuɗin Faransa ne ke yawo a kasuwa. Ƙwallo ma bai tsira ba. A 1948 aka cire ƙungiyoyin Saarland daga gasannin Jamus. Babbar ƙungiyar yankin, 1. FC Saarbrücken, ta je ta buga kaka guda a rukuni na biyu na Faransa a matsayin baƙuwa, sauran kuma aka shirya musu gasar cikin gida. Neunkirchen, wadda a lokacin take amsa sunan VfB Neunkirchen, ita ta lashe wannan gasa a 1949. Sai a 1951 aka bar su suka koma cikin gasannin Jamus.

Abin da ya fi ba mutane mamaki shi ne Saarland ta yi tawagar ƙasa tata, FIFA ta karɓe ta a 1950, har ta shiga neman gurbin gasar cin kofin duniya ta 1954 a rukuni ɗaya da Jamus ta Yamma da Norway. Ta ci Norway 3-2 a Oslo, Jamus ta Yamma ta doke ta gida da waje, sannan ta wuce ta ɗauki kofin. Kocin Saarland a lokacin shi ne Helmut Schön, wanda ya ci wa Jamus ta Yamma kofin duniya a 1974. Yawancin 'yan tawagar daga Saarbrücken suke, amma Neunkirchen ma ta ba da nata. Ɗan wasanta Karl Ringel ya buga wa Saarland, daga baya kuma ya sa rigar Jamus ta Yamma. A watan Oktoban 1955 jama'ar yankin suka kaɗa ƙuri'ar raba gardama, kuma ranar 1 ga Janairun 1957 Saarland ta koma Jamus ta Yamma.

Yaushe ne ta fi yin tashe?

Daga ƙarshen shekarun 1950 zuwa tsakiyar 1960. A wancan zamani babu gasa guda ta ƙasa baki ɗaya. An raba Jamus ta Yamma shiyya-shiyya, kowace da babbar gasarta mai suna Oberliga, sai zakarun shiyyoyi da masu bi musu su haɗu a ƙarshen kaka a fitar da gwani. Neunkirchen tana shiyyar kudu maso yamma, inda Kaiserslautern ta su Fritz Walter ta daɗe tana cin karenta ba babbaka. Da taurarin Kaiserslautern suka fara tsufa, ƙananan garuruwa irin su Pirmasens da Neunkirchen suka samu sarari.

A watan Disamban 1959 Neunkirchen ta kai wasan ƙarshe na kofin ƙalubale na Jamus, DFB-Pokal, a birnin Kassel, inda Schwarz-Weiß Essen ta ci ta 5-2. Ta yi ta zuwa ta biyu a shiyyarta, a 1962 ta zama zakara, a 1963 ta sake zuwa ta biyu.

To da wannan ƙoƙari me ya hana ta shiga Bundesliga lokacin da aka kafa ta a 1963?

Nan ne tsofaffin magoya bayanta suka fi jin zafi. Ƙungiyoyi 16 aka ɗiba don buɗe gasar, kuma gurbi biyu kacal aka ware wa shiyyar kudu maso yamma. Kaiserslautern ta samu ɗaya, babu mai musu, ita ce zakarar 1963. Na biyun aka miƙa wa Saarbrücken, alhali a kakar ƙarshe ta Oberliga ta ƙare a ƙasan Neunkirchen. An ma sanar da sunanta tun watan Janairu, kaka ba ta ƙare ba. Hukumar ƙwallon Jamus, DFB, ta duba sakamakon shekaru 12, ta kuma duba girman gari da filin wasa da ƙarfin aljihu. Mutanen Neunkirchen da na Pirmasens kuwa sun ce hannun Hermann Neuberger ne, babban jami'in ƙwallon Saarland mai kusanci da Saarbrücken, wanda yake cikin masu tsara sabuwar gasar, kuma daga baya ya shugabanci DFB.

A ganina duka biyun akwai ƙamshin gaskiya. Saarbrücken tana da tarihi, ta kai wasan ƙarshe na gasar Jamus a 1952. Amma ko ba Neuberger, sabuwar gasar manyan birane take nema, masu cika fili kowace Asabar. Tun ranar farko ƙaramin gari yake da nakasu. Bayern Munich kanta ba a ɗauke ta ba a wannan zaɓe, an zaɓi maƙwabciyarta 1860 Munich.

Saarbrücken dai ta ƙare a ta ƙarshe a kakar farko, ta faɗo. A daidai lokacin Neunkirchen ta haura.

Da gaske ne ta hana Bayern Munich hawa?

Gaskiya ne. A 1964 ƙungiyoyin da suka yi fice a rukuni na biyu sun yi wasannin neman hawa, rukuni biyu, ƙungiya huɗu-huɗu, ta ɗaya kaɗai ke wucewa. Neunkirchen ta faɗa tare da Bayern, Tasmania Berlin da St. Pauli. A waɗannan wasanni ne wani yaro ɗan shekara 18, Franz Beckenbauer, ya fara buga wa babbar ƙungiyar Bayern, Sepp Maier kuma yana cikin 'yan wasanta. Kowa ya ɗauka Bayern ta riga ta wuce, musamman da ta ci Neunkirchen a karawarsu ta farko. Sai Neunkirchen, ƙarƙashin koci Horst Buhtz, ta je har Munich ta ci biyu da nema. Da aka ƙirga maki, a zamanin da nasara maki biyu ce, Neunkirchen tana da 8, Bayern 7.

Bayern ta jira shekara guda, ta hau a 1965, kuma tun daga nan ba ta sake saukowa ba.

Yaya ta kaya mata a Bundesliga?

Kakar farko, 1964/65, ta ba marar ɗa kunya, ta ƙare ta 10 cikin 16. Ta biyu ta zo da wahala, ta ƙare ta 17 cikin 18, Tasmania Berlin ce kawai a ƙasanta, kuma wannan Tasmania ita ce har yau ake misali da ita wajen rashin kataɓus a tarihin gasar. Ta sake hawa a 1967, ta sake faɗowa a 1968. A wannan kaka ce Mönchengladbach ta yi mata ruwan ƙwallaye 10-0. Wasa 98 ke nan gaba ɗaya a babbar gasa.

Ba ta haƙura nan take ba. Ta lashe gasar shiyyarta ta rukuni na biyu a 1971 da 1972 da 1974, amma duk lokacin da aka zo wasannin hawa sai ta tsaya a bakin ƙofa. Da aka kafa 2. Bundesliga a 1974 ta shiga sau uku, a 1974/75, 1978/79 da 1980/81, kowane karo kaka ɗaya take yi ta koma.

Mene ne ainihin abin da ya durƙusar da ita?

Masu neman mutum ɗaya da za su ɗora wa laifi ba za su same shi ba. Abubuwa ne suka taru.

Na farko, hawa Bundesliga kansa ya zo da ɗawainiya. Dole aka faɗaɗa Ellenfeld a 1964 ya ɗauki 'yan kallo kimanin 30,000, kuma filin mallakar ƙungiyar ne, ita ta ɗauki nauyin. Manyan birane hukumominsu ke gina musu fili, ita kuwa da bashi ta shiga gasar. Kuɗin da za a sayi 'yan wasa da shi ya tafi a siminti.

Sannan garin da ke ciyar da ita ya fara mutuwa a tsaye. Ramin kwal na König ya rufe a 1968, shekarar da ta yi ban kwana da Bundesliga. A 1982 aka kashe wutar manyan tanderun narka ƙarfe, dubban mutane suka rasa aiki. Wanda ya san Kakuri ta Kaduna kafin masaƙu su rufe da bayan rufewarsu ba ya bukatar dogon bayani. Ma'aikacin da ke sayen tikiti ranar wasa, da kamfanin da ke ba ɗan wasa aiki da safe ya yi atisaye da yamma, duk sun tafi tare. Inda masana'antar take a da, yanzu katafaren rukunin kantuna ne, Saarpark-Center, da aka buɗe a 1989, sai wasu tanderu da aka bari don tarihi.

Ƙwallon kanta ma ta canza. Lokacin da gasa ta shiyya ce, gari mai mutum dubu arba'in da ɗoriya zai iya tara samarin yankinsa ya kara da kowa. Da aka koma gasar ƙasa da albashin ƙwararru, daga baya kuɗin talabijin ya shigo, sai tazara ta buɗe. Duk yaron da ya nuna alamar iyawa, Kaiserslautern ko Saarbrücken ko wata mai kuɗi ta ɗauke shi. Wannan, a wurina, ya fi zaɓen 1963 nauyi. Ko da an ba ta gurbin a lokacin, da wuya ƙarshen labarin ya bambanta.

Rukuni na nawa take, kuma yaya matakan gasar Jamus suke?

A sama akwai Bundesliga da 2. Bundesliga, kowace da ƙungiya 18. Sai 3. Liga mai ƙungiya 20. Waɗannan ukun su ne na ƙasa baki ɗaya. Ƙasa da su akwai Regionalliga guda biyar, sai Oberliga, sai gasannin jihohi da na gundumomi, har a kai ƙungiyoyin ƙauye.

Akwai abin da ke rikita mai karanta tarihin ƙananan ƙungiyoyin Jamus. Sunan Oberliga bai canza ba, amma darajarta ta yi ta raguwa. Kafin 1963 ita ce rukuni na ɗaya. Daga 1978 Oberliga ta kudu maso yamma rukuni na uku ce. Da aka dawo da Regionalliga a 1994 ta koma na huɗu, da aka kafa 3. Liga a 2008 ta zama na biyar. Don haka ƙungiya za ta iya zama a gasa ɗaya shekara da shekaru, ba ta faɗi ba, amma ta wayi gari ta ƙara nisa da sama. Haka ya faru da Neunkirchen. Ta ɗan leƙa Regionalliga a tsakiyar shekarun 1990, ta sake leƙawa a 2002/03, inda ta ƙare a ƙasan tebur cikin matsin kuɗi mai tsanani. A 2017 ta faɗi daga Oberliga zuwa Saarlandliga, rukuni na shida, abin da bai taɓa faruwa da ita ba kafin nan.

Yaya aka yi Okocha ya je can?

Labarin da aka fi bayarwa shi ne a 1990, yana ɗan shekara 17, ya je Jamus ziyara, ƙasar da ta ɗauki kofin duniya a wannan bazarar. Wani abokinsa ɗan Najeriya yana wasa a Neunkirchen, ya bi shi wurin atisaye, ya roƙi a bar shi ya taɓa. Koci ya ga abin da ya gani, ya ce ya dawo gobe, daga nan aka ba shi kwantiragi. A lokacin ƙungiyar tana Oberliga, rukuni na uku, kuma ta lashe gasar a 1991, sai dai ba ta tsallake wasannin hawa ba.

Yaron da ya taso a Enugu, garin kwal, sai ga shi a wani garin kwal ɗin, wanda ramukansa suka riga suka rufe. A ƙananan filayen Saarland da Rhineland-Palatinate ya koyi sanyi da harshe da ƙwallon da ba a yi wa mai yanka sassauci. Dragoslav Stepanović, wanda ya horar da Eintracht Trier a wannan gasa kafin ya koma Eintracht Frankfurt a 1991, ya san shi tun daga can, kuma a 1992 Okocha ya zama ɗan wasan Frankfurt. Nan ya tarar da Anthony Yeboah na Ghana, wanda shi ma ta Saarland ya shigo Jamus, ya yi wasa a Saarbrücken daga 1988 zuwa 1990. A watan Agustan 1993 Okocha ya yi ta wana Oliver Kahn da 'yan bayan Karlsruhe kafin ya zura ƙwallon da aka zaɓa mafi kyau a Jamus a wannan shekara. Sauran labarin, kofin Afirka na 1994, zinaren Olympics na Atlanta a 1996, Fenerbahçe, PSG da Bolton, kowa ya san shi.

Ban da shi, wa kuma ta fitar?

Stefan Kuntz, ɗan garin ne haifaffen 1962. Mahaifinsa Günter Kuntz ya buga wa ƙungiyar a Bundesliga. Stefan ya bar ta zuwa Bochum a 1983, ya zama wanda ya fi kowa cin ƙwallo a Bundesliga a 1986, ya sake a 1994 inda suka yi kunnen doki da Yeboah da ƙwallo 18 kowannensu. Ya ɗauki gasar da Kaiserslautern a 1991, kuma shi ya farke wa Jamus a wasan kusa da na ƙarshe da Ingila a Wembley a gasar Turai ta 1996. Da ya ajiye takalmi, gida ya dawo ya fara aikin koci a Neunkirchen a 1999. Daga baya ya ci wa Jamus kofin Turai na 'yan ƙasa da shekara 21 sau biyu, a 2017 da 2021, sannan ya horar da Turkiyya.

Ta sake haɗuwa da Bayern bayan barin Bundesliga?

Ta haɗu, a DFB-Pokal. Tsarin kofin ya tanadi gurbi ga duk wadda ta ci kofin jiharta, kuma ƙaramar ƙungiya ce ke karɓar baƙunci a zagayen farko. Neunkirchen ta ci kofin Saarland sau da dama, ta haka Bayern ta zo Ellenfeld a 1992 ta ci 6-0, ta dawo a 2003 ta ci 5-0. Ga ƙungiya irin wannan, kuɗin ƙofa da na talabijin na rana ɗaya irin wannan ba ƙaramin agaji ba ne.

Me ya sa ake yawan maganar filin Ellenfeld?

Saboda kusan yadda aka bar shi a shekarun 1960 haka yake. Yawancin tsofaffin filayen Bundesliga an rushe su ko an sake musu fasali da kujeru da ɗakunan manyan baƙi. Wannan kuwa yana cikin unguwa, gidaje kewaye da shi, da dogayen matakalan siminti inda 'yan kallo ke tsayuwa. Akwai masu yawon ziyartar tsofaffin filaye da ke zuwa daga nesa don su gan shi. Rashin kuɗi ne ya adana shi, kuma shi ne ke cinye shi, don siminti ya tsufa, gyara kuma da tsada. Ƙungiyar ta daɗe da sayar wa hukumar garin da filin saboda bashi.

Wa ke da ƙungiyar, kuma da me take rayuwa?

Ba ta da mai ita. Kamar dubban ƙungiyoyin wasanni a Jamus, ƙungiyar mambobi ce mai rajista. Mutum yana biyan kuɗin zama mamba, a yi babban taro, a zaɓi shugabanni. A wannan mataki 'yan wasa ba da ƙwallo suke ci ba, akwai ɗalibai, ma'aikatan ofis da masu sana'ar hannu, atisaye sai an tashi aiki. Abin da ke shigowa shi ne kuɗin mambobi, tikiti, tallan 'yan kasuwar gari, da cinikin abinci da abin sha ranar wasa. Masu karɓar tikiti da masu horar da yara galibi aikin sa kai suke yi. Wannan tsari ba ya mayar da ƙungiya Bundesliga, amma yana sa ta yi wuyar ɓacewa, don babu wani attajiri ko gwamna da zai gaji ya janye hannu a wayi gari babu ita.

Akwai yiwuwar ta dawo sama?

Komawa Oberliga abu ne mai yiwuwa, kaka ɗaya mai kyau ta isa. Fiye da haka sai da mai zuba kuɗi na dogon lokaci, kuma wanda yankin yake da shi ya riga ya zaɓi wata. SV Elversberg tana Spiesen-Elversberg, 'yan kilomitoci daga Ellenfeld, a cikin gundumar Neunkirchen ɗin. Lokacin da Borussia ke karawa da su Dortmund da Hamburg, Elversberg ƙungiyar ƙauye ce. Da goyon bayan iyalan Holzer, masu kamfanin magunguna na Ursapharm, ta hau 3. Liga a 2022, ta hau 2. Bundesliga a 2023, a 2025 kuma ta kai wasan neman shiga Bundesliga, Heidenheim ta fitar da ita da ƙyar. Ga kuma Saarbrücken, wadda ta cire Bayern daga DFB-Pokal da ci 2-1 a watan Nuwamban 2023, da FC Homburg, wadda ita ma ta yi kaka uku a Bundesliga a ƙarshen shekarun 1980. Jihar da mutanenta kimanin miliyan ɗaya ne tana da aƙalla ƙungiyoyi uku a gaban Neunkirchen, kuma duk wajen kamfanoni ɗaya da yara ɗaya suke zuwa nema.